Makullin Ƙofar Baya

Levenshulme, Manchester
3 ga Maris

Zuwa ga Mama Tabitha,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya sanyin Birmingham, ya ƙarfin gwiwar? Na rubuto ne saboda kin ce waya ba ta yi miki amfani tun da kunne ya yi nauyi.

Mama, na bar aikin jinya a asibiti na shiga soja, ɓangaren kula da marasa lafiya. Na kammala horo, an tura ni Aldershot, an kuma ba mu gida a kwatas na masu iyali. Yarjejeniyar hayar flat ɗinki sai Satumba za ta ƙare. Ina roƙon ki sahale mana mu tashi a ƙarshen Afrilu. Za mu bar miki gida tsaf yadda muka same shi.

Matata Rumaisa tana gaishe ki.

Naki,
Taufiq Rabe

*

Levenshulme
3 ga Maris

Mama, ina wuni, ya jiki?

Na ga mijina, ɗanki soja, ya fita da ambulan ɗin wasiƙa, na kuma san abin da ke ciki. Don Allah ki ce masa ba ki yarda ba. Ki ce yarjejeniya yarjejeniya ce. Shi ya tafi aikinsa, ni zan zauna har Satumba, in kin amince ma mu sabunta. Na saba da unguwar, ga wurin aikina kusa.

Kada ki bari ya san na rubuto.

'Yarki,
Rumaisa

*

Erdington, Birmingham
8 ga Maris

'Yata Rumaisa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Wasiƙu biyu daga gida ɗaya, rana ɗaya: miji ya ce in sake ku, mata ta ce in ɗaure ku. Ku ba ku magana ne a gidan, sai ta Birmingham? Ɗana Dung da ya ji labari har ya fara murna. Wai in kun tashi zai daɓe filin da ke bayan gidan da siminti, ya zuba ɗaliban jami'a haya.

Wurin aiki kusa! Ki gaya wa wani wannan, ba ni ba. Kafin in zama mai gidan haya ungozoma ce ni, tun daga Kafanchan har na yi ritaya a nan. Bara da na zo muku gaisuwar jaririyarku, na leƙa filin da ke bayan gidan. Na ga an ɗaga dutsen daɓe guda a jikin katanga, an shuka na'ana'a a gurbinsa. Ban ce komai ba, don na san abin da mutanenmu ke sawa a irin wannan wurin.

Ban ba mijinki amsa ba. Taki nake jira.

Mamanki,
Tabitha

*

Levenshulme
14 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye a kicin, sai da na nemi kujera.

Haka ne. Mabiyiyar Shifa ce a wurin. Ranar da na haihu, Hajiyata ta yi ta kira daga Zariya, ba ta tambayi nauyin jaririya ba, ita dai kada mu bar wa asibiti mabiyiya su ƙona. Ungozomar asibitin ta yi mamaki, amma ta ba mu a roba. Abban Shifa ya wanke ta, ya naɗe a farin ƙyalle. Ba mu da shebur, da ludayin miya ya haƙa ramin, ana yayyafi, har ludayin ya lanƙwashe. Ya dawo asibiti da laka a gwiwar wando, muka yi ta dariya. A lokacin ba mu san akwai matsala a zuciyarta ba. Ko ranar suna ba ta kai ba, ta rasu.

Kabarinta yana maƙabarta, ko daga ina zan iya zuwa in yi mata addu'a. Amma maƙabarta wurin da na rasa ta ne, Mama. Filin bayan gidan nan shi kaɗai ne wurin da ya san ta da rai, mu kuma muna murna. Kullum da safe ina fita in tsinki ganye in sa a shayi. Shi kuwa tun ranar jana'iza bai sake taka wurin ba, ko kwandon shara sai ni nake fitarwa. Ina ganin shi tafiya ce maganinsa, ni kuma zama. Ina son mijina, ina tsoron in bar shi ya tafi shi kaɗai da abin da ke cinsa. Amma da na ji zancen siminti, wallahi kamar a kan ƙirjina za a zuba.

Na yi tunanin in tone in tafi da ita. Ya kike gani?

'Yarki,
Rumaisa

*

Erdington
19 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa, da haƙuri kuma.

Kada ki tone. Ba abin da za ki samu sai ƙasa, kuma ba a mayar da ita jakar tafiya. Mabiyiyar Dung tana bayan wani ɗaki a Kafanchan, an sayar da gidan, ban san ma wa ke ciki ba. Shi ga shi nan da tumbinsa, bai damu ba. Ni ce har yau in ana ruwa nake tuna wurin. Saboda haka na san abin da kike faɗa, ba a littafi na karanta ba.

Amma ba zan ɗaure ki ba. Na amince ku tashi a ƙarshen Afrilu, na rubuta wa mijinki. Ki ji haushina in kina so. Wanda ya haƙa rami da ludayi a cikin ruwa bai manta ba, kasa kallon wurin ya yi. Ki ba shi wasiƙun nan ya karanta, ku daina sa tsohuwa aikin masinja.

Maganar siminti kuwa, gidana ne, ba na Dung ba. Muddin ina numfashi ba mai zuba shi, na kuma sa ya rantse ko bayan raina. Ki yanki reshen na'ana'a ki tafi da shi, ba ta da wuyar kamu.

Mamanki

*

Aldershot
2 ga Mayu

Zuwa ga Mama Tabitha,

Bayan gaisuwa, mun iso lafiya, mun kuma gode ƙwarai.

Rumaisa ta ba ni wasiƙun. Ranar da za mu tashi na fita filin da ke bayan gidan. Ban san na'ana'ar ta cika wurin haka ba. Ni na yanko reshen, yana cikin kofi a tagar kicin, har ya fara fitar da saiwa. Mun daɗe a wurin, mai motar kaya yana ta hon.

Ga makullai nan a ciki. Sai dai biyu ne maimakon uku. Babu na ƙofar baya, wadda ke fita lungu. Rumaisa ta ce ba ta gan shi ba. Ban matsa mata ba. In kina so, zan sa a canza kwaɗon.

Ɗanki,
Taufiq

*

Erdington
7 ga Mayu

'Ya'yana,

Gaisuwa. Makullai sun iso, na ƙirga, sun cika. Kada wanda ya taɓa mini kwaɗo.

Wata ɗaliba ce ta shiga, Hajar, 'yar Katsina. Na gaya mata akwai mai zuwa duba na'ana'a lokaci-lokaci, ta ƙofar baya take shigowa, wataƙila da wani dogon soja a bayanta. Ta tambaye ni ko ma'aikaciyar lambu ce. Na ce a'a, uwar mai wurin ce.

Ta ce za ta riƙa ɗora ruwan shayi.

Mamanku,
Tabitha