Sunan da Ke Ƙarƙashin Fenti

Asabar, 2 ga Maris, 2013

Na saye shi. Jirgin ruwa ne na katako, ƙarami, mai sanda ɗaya da ƙyallen iska guda, tsoho tukuf. Sunansa Srdela, sunan ɗan kifin nan da ake cusawa a gwangwani. Dinko, mutumin tsibirin Zlarin da ya sayar min, ya ce tun yana yaro jirgin ke rumfar mahaifinsa, ba a cika fitar da shi ba. Ya ce tsohon ya sha faɗa kada a sayar wa 'yan garinmu Betina, amma tsohon ya rasu, shi kuma rumfar yake so ya mayar ɗakin baƙi.

Na yi dariya. 'Yan Zlarin da ƙiyayyarsu.

Shekara hamsin da shida a duniya, a garin da kowane gida ke da jirgi, ban taɓa riƙe sandar tuƙi ba. Yanzu na bar aikin jinya, ba wanda zai hana ni.

Lahadi, 3 ga Maris

Na gaya wa Mama. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Teku ta ci ubanki, ke ma za ki kai mata kanki?"

Na ce ba nisa zan yi ba, bakin gaɓa kawai. Ta ce kowa haka yake cewa. Ba ta ci abincin rana ba.

Litinin, 18 ga Maris

An jawo jirgin zuwa farfajiyar Barba Roko, tsohon kafintan jiragen garinmu, wanda kowa ke ce wa Barba, wato kawu. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa. "Jagoda, 'yar nan, kin sayo wa kanki ciwon baya." Ya ce ƙasan ya ci ruwa a wuri biyu amma ƙashin bayan lafiya lau. Fenti kuwa an lafta masa kamar mai ɓoye kunya. Sai an kankare shi duka har katako.

Na ce zan canza masa suna. Ya ce ba a yi, yana jawo tsiya. Na ce ba zan shiga teku cikin kifin gwangwani ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Kankarar fenti. Hannuna duk bororo. Kore a sama, shuɗi a ƙasa, fari a ƙarƙashinsa.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ina kankare goshin jirgin, ƙarfen ya riƙa tuntuɓe da wani abu. An cike wasu ramuka da ƙullun katako aka shafe da fenti. Na tono. Haruffa ne da aka sassaƙa da wuƙa. T, sai O, sai N. Ban kawo komai a raina ba, mata nawa ne a tsibiran nan masu suna Tonka? Ba Mama kaɗai ba ce.

Na kira Barba Roko ya gani. Ya sa tabarau, ya shafa da babban yatsa. A ƙasan sunan akwai ɗan hoton ƙugiya da aka ƙona da ƙarfe mai zafi. Sai ya nemi akwati ya zauna.

"Wannan alamar mahaifina ce," in ji shi. "Jirgi ɗaya muka ƙera mai wannan suna. Ni na riƙe katakon. Na Frane ne, ubanki."

Na ce jirgin Babana ya nutse da shi a 1961. Kowa ya sani.

Ya ce, "Ni ma haka na sani. Na je addu'arsa."

Mun zauna muna kallon jirgin. Babu tsaga, babu karaya, babu inda dutse ya taɓa shi. Na shiga bayan rumfa na yi amai.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Ban tambayi Mama ba. Na kai mata kofi, na tsaya ina kallon hoton da ke bangon ɗakinta, Baba tsaye a cikin jirgi yana dariya. Goshin jirgin bai fito a hoton ba.

Kowace kaka muna zuwa bakin dutse mu jefa masa furanni a ruwa. Tun ina shekara huɗu. Tana riƙe da hannuna.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Bayan coci na ce ta raka ni ta ga jirgin. Ta ce gwiwarta. Na ce to, na samo suna a ƙarƙashin fentin.

Ta ajiye jakarta a kan tebur a hankali. Ba ta tambayi wane suna ba.

"Daga wa kika saye shi?"

Na faɗa. Ta ce, "Wawan yaro. An gaya wa ubansa ya ƙona shi."

Na zauna a ƙasa, a kan dandamalin kicin, da kayan coci a jikina.

Abin da ta ce, yadda na iya riƙewa: Baba ya yi wata magana a mashaya kan masu mulki na lokacin, wani ya kai ƙara. Aka raɗa masa za a zo a tafi da shi. Ya shirya da wasu masunta 'yan Italiya su ɗauke shi a tsakiyar teku. Amma dole wani ya kai shi ya dawo da jirgin.

Na ce wa?

"Ni mana. Wa kuma?"

Mama. Matar da ba ta yarda in tsoma ƙafa ya wuce gwiwa. Ta ce ita ta tuƙa zuwa, ita ta tuƙo dawowa ita kaɗai, iska tana gaba da ita. Ta bar jirgin a Zlarin wurin abokin Baba, mahaifin Dinko, ta shigo jirgin fasinja, ta wuce ofishin 'yan sanda tana kuka cewa mijinta ya fita kamun kifi bai dawo ba. "Kukan ba na ƙarya ba ne," in ji ta.

Alkawari shi ne zai aiko a kai mu. Bai aiko ba. Bayan wasu shekaru wani matuƙin jirgi ya ce ya gan shi a Ostiraliya da mata da 'ya'ya.

Na tambaya ko yana da rai. Ta ce ya mutu a 1998, ƙanwarsa ce ta gaya mata.

Ina da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Na haihu, na yi aure na fita, duk ina da uba a duniya yana shan kofi a wani wuri.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ban fita ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na hau sama wurinta don tambaya ɗaya. Mulkin nan ya faɗi tuntuni, ba mai kama kowa. Me ya hana ta faɗa?

Ta ce, "Da farko tsoro. Daga baya kunya, a ce an gudu an bar ni. Daga baya kuma kin riga kin girma da uba nagari a ƙarƙashin ruwa. In ƙwace shi in ba ki wancan?"

Na ce ba ita ke da ikon zaɓar min ba.

"Da ke da ni kaɗai ne a gidan, Jagoda. Wa zai zaɓa?"

Na ce da furannin fa? Ta ce ita ba shi take jefa wa ba. Ban tambaye ta wa ba. Na sauko.

Ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Tana dawo da kwanon a wanke.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na ce wa Barba Roko ya fasa jirgin ya yi itacen wuta. Ya ce to, gobe. Ya ci gaba da fere katakon da zai maye ruɓaɓɓen. Na tsaya ina kallonsa, sai ya miƙo min guduma ya ce in riƙe masa nan. Har yamma ina riƙe masa nan.

Bai gaya wa kowa maganar sunan ba. Ya ce a shekarunsa ya manta abin da ya ci da safe, balle abin da ya gani a katako.

Litinin, 6 ga Mayu

Mun toshe mahaɗan katako da auduga da kwalta. Wari har cikin gashi. Haruffan nan biyar na bar su yadda suke, ban cike ba, ban shafe ba. Ina zagaye su da buroshi kamar mai zagaye miki.

Wani lokaci ina ƙoƙarin jin haushin Baba, sai in ga ban san mutumin ba. Wanda na sani bai taɓa wanzuwa ba. Haushin duk ya koma sama, ɗakin da ke kaina, inda nake jin takunta.

Asabar, 18 ga Mayu

Mama ta zo farfajiyar. Da sandarta, da baƙin ɗankwalinta. Ina ɗaure igiyar ƙyalle a jikin sandar jirgi, ban ji zuwanta ba sai muryarta.

"Wa ya koya miki wannan ƙulli? Akuya za ki ɗaure?"

Barba Roko ya cire hularsa. "Tonka."

"Roko. Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki wuce gaba ki share hanya."

Ta karɓi igiyar daga hannuna. Yatsun nan da ba sa iya buɗe kwalbar magani, suka juya sau biyu, ƙulli ya zauna. Ba ta dubi goshin jirgin ba ko sau ɗaya. Ta dafa gefensa kawai, ta daɗe a haka, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Ban yi mata magana ba. Amma mun tafi gida tare, saboda hanyar ɗaya ce.

Lahadi, 2 ga Yuni

Barba Roko ya ce suna fa? Ba za a sa shi a ruwa ba suna ba. Na tuna masa ya ce canza suna tsiya ne. Ya ce an riga an canza sau ɗaya, tsiyar ta ci rabonta ta ƙoshi.

Ba Srdela ba. Tonka kuma ba zan iya ba. Ba yanzu ba.

Asabar, 8 ga Yuni

An sa shi a ruwa. Fadan cocinmu ya yayyafa masa ruwan albarka, Barba Roko ya zuba masa giya a goshi ya shanye sauran. Jirgin ya ɗan sha ruwa ta ƙasa, an ce haka katako ke yi kafin ya kumbura.

Na fita da shi bakin mashigi. Ba ni kaɗai ba. Ban gayyaci Mama ba, na juyo ne na tarar Barba Roko yana ɗaga ta yana sawa a ciki, tana zaginsa. Na juya jirgin ba daidai ba, ƙyallen ya bugo ya kusa kwashe min kai. Ta ce, "Matsa." Na matsa.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta cire ɗankwalin don ta ji iska a kunne. Jirgin ya kwanta gefe ya miƙe kamar an kira shi. Can ta kama hannuna ta ɗora a kan sandar tuƙi, ta bar nata a saman nawa. "Kar ki yi kokawa da shi. Saurara."

Ban yafe ba. In rubuta a nan don kada in manta: ban yafe ba.

Sunan da aka rubuta a bayansa da farin fenti, Tvrdoglava. Mai taurin kai. Da muka dawo ta tsaya a bakin tasha ta karanta, ta tambaya wa nake nufi. Na ce jirgin.

Ta ce Talata iska za ta fi kyau, in zo da hula.