Na hana matata kuka, ta koma dakan barkono

Daga admin: wani ɗan'uwa daga Diffa ya turo wannan, ya roƙa a sakaya sunansa. Sunayen da ke ciki ma ya ce ya canza su.

Salamar Ubangijinmu Yesu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni kafin Lahadi, don ranar ce za a tsayar da ni gaban ikilisiya, ni kuwa ban san da wane baki zan yi magana ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makaranta, mushe kamar yadda ake ce mana nan Nijar, 'yan Najeriya ku riƙe dariyarku, na san abin da kalmar take nufi wajenku. Daga yankin Maraɗi aka turo ni Diffa a tsakiyar shekarun casa'in, ni da matata da 'yarmu ta fari, Tabita, da ƙanenta Dauda yana goye. Lokacin mu Kirista a garin ba mu da yawa, majami'armu ɗaki ɗaya ce, in sojoji biyu suka tafi aiki daji sai ka ga benci ya yi fili. Ni kuma Allah ya yi ni da kula da idon jama'a. A raina duk abin da muka yi a unguwa, ko shara muka zubar ba daidai ba, sunan Yesu ne zai sha magana. Haka na riƙe gidana, kullum cikin "ana kallonmu".

Maƙwabtanmu Barebari ne Musulmi, Ba Modu mai gonar tattasai da barkono a bakin kogin Komadugu, da matarsa Ya Falmata. Mutanen kirki ne na gaske, tun ranar da muka sauka su suka fara aiko mana da ruwa da abinci. Tabita ta mai da gidansu gidanta, kafin shekara ta zagayo tana zuba Barbarci har tana yi mana dariya in muka kwaɓa gaisuwa. Duk unguwa ba wanda ya san sunan matata na yanka, Maman Tabita kawai ake ce mata.

Tana da shekara shida sanƙarau ya ɗauke ta, lokacin zafi. Ranar Talata ta ce wuyanta na ciwo, ranar Alhamis da hantsi ta cika a likita, wato asibiti, hannunta cikin na uwarta. Ba Modu da 'yan'uwansa su suka haƙa kabarin da hannunsu, suka tsaya gefe har aka gama, rabin mazan unguwa suna wurin. Da aka fara sauke akwatin sai wani irin sauti ya taso daga ƙirjin matata wanda ban taɓa ji ba. Na damƙe wuyan hannunta da ƙarfi, na raɗa mata a kunne na ce, "Kada ki yi, ana kallonmu. Mu masu bege ne." Ta juyo ta dube ni, kallon nan har yau yana idona. Sai ta haɗiye. Da fasto ya ce a ɗauki waƙa, ita ce mai murya a zumuntar mata, ita ta ɗauka, ta kai ta har ƙarshe idonta a bushe.

'Yan'uwa, ranar nan ni gani nake mun ci nasara. Garin ya ɗauka, ana cewa kun ga matar mushe, ta binne 'yarta tana waƙa. Ba a daɗe ba aka naɗa ni dattijon ikilisiya, kuma labarin nan ya zama shaidata. Na ba da shi a Maine, na ba da shi a taro a Damagaram, duk gidan da aka yi rashi ni ake kira in je in ƙarfafa su, in ce ku dubi Mama. Ita kuwa tana zaune a bencin mata kanta a sunkuye, ina cewa a raina tawali'u ne. Na cire hoton yarinyar daga bango na sa a akwati, wai kada ya riƙa tayar mata da hankali. Na daina ce mata Maman Tabita na koma Maman Dauda, 'yan ikilisiya suka bi ni, da kaɗan-kaɗan unguwa ma ta bi. Ban taɓa tambayarta ko tana so ba.

Bayan rashin da 'yan makonni ta fara zuwa gidan Ya Falmata duk Alhamis, wai tana taya ta aikin tattasai. In kaka ce su cire hanci su shanya, in ba kaka ba su daka busasshe da barkono su yi yaji. Takan dawo da la'asar ido jawur, hanci na zuba, murya a dishe, in tsokane ta in ce to Babarbariya, saura a yi miki tsage. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce barkonon bana akwai zafi. Waƙa kuma ta daina tun daga bakin kabarin nan, ta ce ƙurar barkono ta ɓata mata maƙogwaro, sai dai ta kaɗa tulu wa mata bakinta a rufe. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ina da gyambon ciki, ba na cin yaji ko kaɗan, yara ma ba su damu da shi ba, amma kwalabe da gwangwanayen yaji sun cika mana kicin, muna ta rabo wa baƙi. Mutumin da ke koya wa yara lissafi, shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsayawa na ce wannan yajin wa ake daka wa ba.

Wata biyu da suka wuce, bayan rasuwar Ba Modu, babban ɗansu ya zo zai tafi da Ya Falmata Maine ta zauna wajensa. Ta shigo sallama ranar kasuwa, da gangan, don ta san matata ba ta nan. Ta zauna bakin tabarma ta ce da Hausarta ta Barebari, "Mushe, amana na kawo maka. Ni zan tafi, matarka ba ta da wurin kuka kuma." Na ce wane kuka, Ya Falmata? Ta daɗe tana kallona kamar yadda ake kallon yaron da ya fasa tulu yana tambaya ina ruwan ya tafi. Sannan ta ba ni labari. Ashe duk Alhamis ɗin nan matata tana shiga ne ta zauna bayan rumfa ta yi kuka har ta gaji, Ya Falmata na riƙe da ita tana kiranta Maman Tabita, suna hirar yarinyar, abin da take so da irin ɓarnarta. In an gama sai su zuba barkono a turmi su daka, don warin ya kama mata zane, in ta dawo gida kada in gane. Ta ce, "Mu ma addininmu ya hana kururuwa, amma bai hana hawaye ba. Na tambaye ta naku ya hana ne, ta ce a'a, Yesu ma ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa. Na ce to wa ya hana ki? Sai ta miƙe ta ɗauko turmi." Kafin ta tashi ta roƙe ni kada in ce ita ta faɗa.

Wurin nan na Li'azaru, abokin nan na Yesu, na karanta shi gaban jama'a ban san sau nawa ba, na yi wa'azi a kai, ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Tun ranar zuciyata ta karye. In na durƙusa zan yi addu'a bakina ba ya buɗuwa, sai in ji kamar shekarun nan duka idon mutane na bauta wa, na sa masa sunan bangaskiya. Ni kaina ban taɓa yi wa 'yata kuka ba, yanzu yana zuwa mini a aji, ina tsakiyar rubutu a allo sai in fita waje in ce wa yara alli ne ya shiga idona. Kun ga ni ma na koyi dabarar.

Na yi ƙoƙarin yi mata magana sau ɗaya. Wata Alhamis da rana tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na tsaya bayanta na ce, "Maman Tabita." Hannunta ya tsaya cak cikin faifai. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Na'am," a hankali, kamar dama jira take. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Sai ta ajiye faifan, ta shiga kicin ta fito da turmi da barkono, ta fara daka a gabana, hawaye na zuba, tana cewa barkonon nan akwai zafi. A gidanta, gaban mijinta, sai da ta nemi abin fakewa. Ni kuwa don ragwanci na shige ɗaki na bar ta.

Abin da ya sa na ce kafin Lahadi shi ne wannan. Akwai wani matashin jandarma a ikilisiyarmu, shi da matarsa Saratu sun rasa ɗansu na fari makon jiya, ɗan wata takwas. A wajen biso, bakin kabari, na ji mata suna ce wa Saratu ki daure, ki yi kamar Mama, na ga ta cusa bakin zanenta a baki tana cizo. Fasto ya same ni ya ce ranar Lahadi ni da Mama mu tashi mu ba da shaidarmu don a ƙarfafa su, ya ce ba abin da zai riƙe su kamar labarinmu. Na ce to, don ban saba cewa a'a ga wannan labarin ba.

In na tashi na maimaita shi yadda na saba, ƙarya zan yi a gaban Allah ina sane. In na faɗi gaskiya, na tona asirin da matata ta rufe shekara goma sha ɗaya ba da izininta ba, na kuma ci amanar tsohuwar da ta riƙe mini ita. Akwai kuma waɗanda suka ce shaidar nan ce ta tsayar da su ranar da suka yi rashi, akwai wata gwauruwa da har yau take gode mini, ban san me zai same su ba in suka ji dattijonsu ya ce kuskure ya yi. In kuma na fara da matata, ta ina zan fara? Yaya ake neman gafarar abin da mutum ya yi ta karɓar yabo a kansa? Ina tsoron ta ce ba komai, don na san za ta iya cewa haka, ni na koya mata.

Shekaranjiya mun je yi wa su Saratu ta'aziyya. Muna fitowa matata ta koma baya kamar ta yi mantuwa, ni ina bakin ƙofa ina sa takalmi. Na ji ta rage murya tana ce mata, "Saratu, ranar Alhamis in mijinki ya tafi aiki ki zo gidana, ki taya ni dakan yaji."

'Yan'uwa, gobe Alhamis. In fita in bar musu gidan kamar ban ji komai ba, ko in zauna in ɗauke turmin nan in ce su yi kukansu a fili, ni ma in zauna a ƙasa in yi nawa? Kuma ranar Lahadi me zan ce? Ku taimake ni da shawara, masu zagi ma ku zaga, na cancanta. Ku sa mu a addu'a, ni da Maman Tabita.