Layuka Ukun Malam Barau

Basirka, ranar Talata.

Zuwa ga amaryata Khairiyya, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da babanki Abdulnasir da innarki da ƙannenki, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya karatu?

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To ki yi haƙuri. Mutumin da sai da ya haura sittin ya shiga ajin yamma ba zai bar biro ya bushe masa a aljihu ba. Malam Bahauddeen da ya koya mana ya ce hannun da ba ya rubutu mantawa yake yi. Jafaru direba zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa in ya juyo.

Na rubuto ne in yi godiya. Tun da kika yi mana awon ƙarshe kika tafi da na'urarki, ba a bar maganarki a majalisa ba. Wata shida kina hawa mota ki hau babur ki zo ki ɗaura wa tsofaffi arba'in wannan abin matse hannu. Mu ashirin kika ɗora mana zoɓo ba sukari kullum da safe, don a ga ko zai rage hawan jini, sauran ashirin kika bar su da shayinsu suna yi mana dariya. Allah ya isa tsakanina da tsamin nan, amma na yafe miki.

Kin san ni na bi su gida-gida na ce su yarda, jikata ce, kuma duk wanda ya miƙa hannu awonsa zai shiga kundin digirinki. Da bakina na faɗa. Jiya na biya na gai da Kulu, matar aminina marigayi Malam Barau, tana nan cikin takaba. Ta ce in tambaye ki ko na Malam ma zai shiga, tunda sau uku kawai aka auna shi Allah ya karɓi abinsa. Na ce mata zai shiga mana. Kin tuna yadda yake jan ƙafar nan tasa mai ciwo ya riga kowa zuwa.

Ga wake kwano biyu a wajen Jafaru. Ki gai da kowa.

Naki, angonki da kika guje wa,
Malam Yahuza.

*

Birnin Kudu, ranar Asabar.

Zuwa ga Baba Tsoho.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da su Inna Aishatu da duk mutanen gida. Wake ya iso, Allah ya saka. Rubutunka ya fi na likitocinmu karantuwa, wannan ba wasa nake ba.

Baba, akwai matsala, kuma gara ka ji daga bakina. Na zuba awon a kwamfuta yadda na rubuta shi a can. Kowane mutum layi ɗaya ne a kwance: lambarsa a farko, sai awon wata na ɗaya, na biyu, har zuwa na shida, a jere zuwa dama. Lamba na ba kowa saboda Umaru uku gare ku a unguwa ɗaya.

Lissafin da na koya a aji yana son kowane layi ya cika. In gurbi ɗaya babu komai, manhajar sai ta ajiye mutumin gaba ɗaya, har da awon da ya zo aka yi masa. Ka tuna wata na biyar ranar awo ta faɗo ranar gayyar yankan dawa a gonar mai unguwa, maza da yawa ba su zo ba. Inna Turai ta tafi Kano wankan jegon 'yarta. Wasu zazzaɓi ya kwantar. Da na danna lissafin, mutum goma sha tara ya rage mini cikin arba'in.

Malamata Dakta Nasiha ta taɓa gaya mini tun farko cewa in mutanen suka gaza talatin, ba za a iya kafa magana a kan sakamakon ba. Ka ga ke nan ina iya rasa shekarar nan, a ce in sake sabon awo.

Na Baba Barau kuwa, gurbi uku ne babu komai. Yana cikin waɗanda manhajar ta ajiye. Don Allah kada ka gaya wa Inna Kulu tukuna. Ranar Litinin zan je wajen Dakta.

Jikarka,
Khairiyya.

*

Basirka, ranar Lahadi.

Zuwa ga Khairiyya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni ina shirin cin tuwo, sai da ya huce. Na karanta ta sau biyu, na uku na sa tabarau.

Wannan na'ura taku ba ta san mutunci ba. Mutum ya zo sau biyar, don ya tafi gayya sau ɗaya a ce bai zo ba? Wa zai ƙi gayyar mai unguwa ya zauna a garin nan?

Amma ki kwantar da hankalinki, na samo mafita, har na fara aiki a kai. Kin san a gayya in mutum ya gaza, ba a barin kunyarsa ta gona a tsaye. Ɗan'uwansa ke ɗaukar fartanya ya ƙarasa masa, a ƙirga ta a sunansa. To na je wajen Salihu, ƙanin Malam Barau. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, jininsu ɗaya, har ƙibarsu ɗaya. Na ce masa Khairiyya za ta zo ta auna ka sau uku a zuba a gurbin yayanka. Ya ce ko sau goma ne ga hannunsa. Har ya fara shan zoɓon jiya, yana ta yamutsa fuska, matarsa na cewa, "Malam, kai da ko lemon tsami ba ka iya lasa?"

'Yan gayya kuwa duk suna nan da ransu. Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko, in tara miki su a zaure, ki auna ki cike guraben. Turai ma ta dawo.

Ban gaya wa Kulu komai ba. Na bi ta bayan masallaci yau don kada in wuce ƙofar gidanta, abin da ban taɓa yi ba tun rasuwar.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Yahuza.

*

Birnin Kudu, ranar Alhamis.

Zuwa ga angona mai dabara.

Ina gaisuwa, Baba Tsoho, da fatan an tashi lafiya. Na karanta wa babana takardarka, ya yi dariya har ya ƙware, daga baya kuma ya koma share ido.

Ka yi wa Baba Salihu godiya, ka ce ya daina azabtar da kansa. Ba zai yiwu ba. Jinin da muke aunawa ba na dangantaka ba ne, bugun zuciyar mutum ɗaya ne a rana ɗaya. In na zuba na Baba Salihu a gurbin yayansa, na yi wa mamaci ƙarya. Haka 'yan gayya: awon yau ba zai zama awon watan yankan dawa ba. Gurbin da babu komai dole ya zauna babu komai.

Yanzu ga labari mai daɗi. Na je wajen Dakta Nasiha da fargaba. Ta duba ta ce, "Ke, kin kwantar da mutanenki ne. Tayar da su tsaye." Ta zaunar da ni ta nuna mini.

Maimakon kowane mutum ya zama layi ɗaya mai faɗi, yanzu kowane awo shi ne layi. Abu huɗu kawai ke cikin layin: lambar mutum, ko ɗan zoɓo ne ko ɗan shayi, watan da aka yi awon, da abin da na'ura ta nuna. Kai da ka zo sau shida, layinka shida, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, duk da lambarka. Wanda ya tafi gayya, layinsa biyar. Shafin ya zama siriri mai tsawo, layi ɗari biyu da tara. Ban ƙara ko lamba ɗaya ba, ban rage ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gwada da takardun asali.

Akwai wani lissafin da sai da wannan tsarin yake aiki. Shi yana gane cewa layukan da ke da lamba ɗaya na mutum ɗaya ne, yana bin yadda jinin kowa ya sauya daga wata zuwa wata, kuma yana amfani da duk awon da aka samu. Sai dai ban iya shi sosai ba tukuna, ina ta karatu, kuma Dakta ta ce dole in rubuta a kundin dalilin rashin zuwan kowa, har da rasuwar, kada in ɓoye.

Mutum arba'in sun dawo, Baba. Baba Barau na nan da layukansa uku. Ka je ka bi ta ƙofar Inna Kulu.

Jikarka,
Khairiyya.

*

Basirka, ranar Litinin.

Zuwa ga Khairiyya, Allah ya ƙara miki sani.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. In kin ga rubutun nan ya karkace, murna ce, ba tsufa ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode miki, na gode wa wannan Dakta Nasiha da ban taɓa gani ba. Ki ce mata wani tsoho a Basirka yana sa ta a addu'a. Na gode wa Malam Bahauddeen ma, don da a da ne sai na nemi mai karanta mini, labarin ya riga ni zagaya gari.

Na kai takardarki majalisa na yi musu bayani. Ƙasimu mai shayi ya ce bai gane ba. Na ce masa, a da Khairiyya gona take ƙirgawa, in ba a gama yanke ta ba ta ce ba a yi noma ba. Yanzu dami take ƙirgawa, wanda ya ɗaure biyar biyar ɗinsa na nan. Ya ce, "Au, to ai haka ake yi." Na ce ai shi ya sa aka tura ta makaranta. Salihu ya ce shi ke nan ya sha tsami a banza, wa zai biya shi? Na ce ya je ya tambayi matarsa, ita ta ji daɗin kallo.

Daga nan na wuce gidan Kulu. Na yi sallama na zauna a zaure, ita tana daga ciki. Na gaya mata gaskiya duka, har da yadda aka fara ajiye Malam da yadda ya dawo. Ta ce layi nawa? Na ce uku. Sannan ta ce ranar awo na huɗu yana kwance, ya ce mata a ba yarinyar nan haƙuri, ya ɓata mata aiki. Ta ce tun ranar maganar ke cin ta, ba ta san wa za ta gaya wa ba.

Ta roƙi abu ɗaya. In ba laifi a dokarku, tana son ta ga layukan da idonta. Sati mai zuwa za ta fita takaba.

Ban tambaye ki ko zoɓon ya yi aiki ba. In kin gama lissafin kya faɗa mana, mu dai mun sha.

Ki gai da babanki, ki ce dariyar ta isa.

Angonki mai godiya,
Malam Yahuza.

*

Basirka, ranar Laraba.

Khairiyya,

Gaisuwa. Takardar da kika bugo ta iso, da izinin Dakta da kika ce an samu. Na kai wa Kulu ranar da ta fita, gidan cike da mata.

Ba ta iya karatu ba, sai na sa jikarta Lailatu ta ɗora mata yatsa a kan lambar Malam, ni kuma na karanta da ƙarfi. Goma sha bakwai, wata na ɗaya. Goma sha bakwai, wata na biyu. Goma sha bakwai, wata na uku.

Ta ce, "To bai ɓata mata aiki ba ke nan." Na ce bai ɓata ba.

Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zanenta, ta tashi ta zubo mini fura.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Mu arba'in, har da Malam Barau, muna jira.

Kakanki,
Yahuza.