Maɓallin da Ba Ya Cizo

Zuwa ga ɗiyata, Uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya aiki? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya, sai dai gidan ya yi mini girma.

Na ji saƙonki a kan shafin intanet ɗin da babanki ya fara yi wa shagon ɗinkina. Kin ce a yadda ya ɗauko shi, layi bayan layi da hannunsa, sai ki shekara ba ki gama ba, amma in kika ɗora shi a kan abin da kuke kira firemwok, wato ginin da wasu suka riga suka kafa wa ginshiƙi, mako biyu ya isa. Uwata, ban yarda ba. Shekara biyu yana zaune a kujerar nan ta bakin taga, tabarau a kan hanci, yana buga harafi da yatsa biyu. Shafi ɗaya ya gama, da maɓallin latsawa ɗaya. In kika kawo na wasu kika shimfiɗa a kai, ina zan ƙara ganin hannunsa? Na san masu kawo ɗinki sun ragu tun da aka mayar da titinmu hanya ɗaya. Duk da haka a bar shi.

Ki ci abinci. Taki har kullum,
Innarki

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Da fatan murar ta sake ki.

Ki yafe mini kaifin wasiƙar da ta wuce. Shekaranjiya ina ɗinka rigar wata malamar asibiti, na miƙa hannu cikin gwangwanin maɓallai, sai na tsaya. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa saƙa yadi ba, ban taɓa ƙera zif ba, maɓalli ma saye nake yi. Amma ba wadda ta taɓa sa rigata ta ce ta mai zif ce. Na yi dariya ni kaɗai, daga nan kuma sai hawaye. Babanki da taurin kai, da tela ne, da sai ya shuka audugar tukuna.

Ki yi da kayanku na zamani. Abu ɗaya nake roƙo. Kin san yadda nake tsoron kwamfuta, ko goge ta ba na yi. Shi ya sa a kan maɓallin nan nasa bai rubuta abin da kowa ke rubutawa ba, ya sa: Taɓa nan, ba ya cizo. Don ni ya rubuta. In ginin naku ba zai karɓi wannan ba, na fasa.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Uwata, sanyin idona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar aiki?

Kwana goma sha ɗaya kika yi, na ƙirga. Mai shagon gyaran waya da ke kusa da mu ta buɗe mini shafin. Ga hotunan riguna, ga wurin rubuta awo, komai tsaf kamar an goge da dutsen guga. A tsakiya kuma ga maɓallin babanki nan, kore, ɗan karkatacce yadda ya bar shi. Na gode da ba ki miƙe shi ba.

Mata uku sun turo awonsu. Ɗaya ta zo da kanta daga can ƙarshen gari, wai maɓallin ne ya ba ta dariya, ta ce dole ta ga telar da ke da wannan barkwanci. Na gaya mata ba ni ba ce, na nuna mata kujerar.

Bayan ta tafi na jawo kujerar gaban kwamfutarsa, na zauna. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, na taɓa. Uwata, gaskiyarsa ne.

Ki zo da wuri ki koya mini sauran.
Innarki mai ƙaunarki