Kwallin Gwaggo bai koɗe ba

Litinin, 3 ga Maris
Manajan gandun daji ya kira ni ofis. Wai ko in je a gwada mini ido, ko in sauka daga kujerar gaban mota. Ni! Ni da nake nuna wa baƙi namun daji tun yana cikin zanin goyo. Wai na nuna kututture na ce rabbi ne, dabbar nan mai kama da damisa. To kututturen ai kwanciyar rabbi ya yi.

Laraba, 5 ga Maris
Direba ne ya kai gulmata, na sani. Yau ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Mun tarar da Gwaggo, tsohuwar rabbin nan, bisa suri tana leƙen fili. Na yi wa baƙi bayani: ba damisa ba ce, ta fi ta siranta, kuma ba dabbar da ta kai ta gudu a ƙasa. Da rana take farauta, da ido, tana hango barewa tun daga nesa. Baƙin layin da ya sauko daga idonta zuwa baki, an ce shi ke rage mata ƙyallin rana. Na ce na Gwaggo dai ya koɗe, tsufa ne. Direba ya yi wani tari. Tarin munafunci.

Asabar, 8 ga Maris
Har da auta. Wai "Baba, jiya fa gishiri ka zuba a shayi." Laifin wanda ya sayo gwangwanaye iri ɗaya ne.

Talata, 11 ga Maris
Na je asibitin ido, don a bar ni in huta. Likitar ta rubuta ƙananan baƙaƙe da gangan. Raina ya ɓaci sosai.

Alhamis, 13 ga Maris
Tabarau ya iso. Yana aljihu, can zai tsufa.

Lahadi, 16 ga Maris
Iska ta dame ni a mota, shi ya sa na saka tabaran. Iska kawai.

Gwaggo na bisa surinta. Ta juyo ta dube ni. Layin nan baƙi ƙirin, kamar yanzu aka ja mata kwalli. A gindin surin kuma 'ya'ya biyu, har sun yi wayo. Direba ya ce a hankali, "Tun watan jiya suke nan, Baba."

Na ce wa auta ta samo mini igiya, kada abin banzan nan ya faɗi.