Kwat ɗin Maigida a Jikin Babana

Salamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Maigidana malamin firamare ne a Tambuwal. Tun da aka samu mulkin kai, Turawa suka fara gwanjon kayansu suna komawa gida, ya shiga tara tsofaffin kwat na 'yan tseren kwalekwale na ƙasarsu, masu ratsi-ratsi da tambarin filafilai a aljihu. Ba ya sawa. Adaka ya ware musu da kafur, ran Lahadi ya shanya su ya zauna yana kallo.

Da damina babana ya zo daga Kebbe, ruwa ya ba shi kashi a hanya, zazzaɓi ya rufe shi. Maigida yana Sakkwato kwas. In zuba wa tsoho ido yana makyarkyata? Na buɗe adakar na ɗauko mai jan ratsi na sa masa. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Baba masunci ne, kuma ya daɗe yana jin surukinsa ɗan boko na raina shi. Ya shafa tambarin ya ce, "Wanga ai filafili na. Ta wa ta?" Sai na ji bakina ya ce, "Surukinka ya ce a ajiye maka." Ya ce, "Ashe yana ganin girman sana'ata." Da ita ya koma Kebbe.

Maigida ya dawo bai gan ta ba, na ce ban sani ba. Zarginsa ya faɗa kan ƙaninsa, wanda ya taɓa neman aronta, har ya kira shi ɓarawo a gaban mahaifiyarsu. Ƙanin ya juyo ya ce mini, "Yaya, ke shaida ta, kin taɓa ganina ɗakin nan?" Na sunkuyar da kai. Tun ranar bai sake taka gidanmu ba. Wace irin mace ce ni?

Yanzu haihuwata yau ko gobe. Baba ya aiko cewa ranar suna zai zo da kwat ɗin a jikinsa, ya yi wa surukinsa godiya a gaban jama'a. In na hana shi sai na faɗa masa ba kyauta ba ce, kuma na san ba zai ƙara ɗaga kai a gidan nan ba. In na yi shiru, a ƙofar gida za a tuɓe shi. Jama'a, me zan yi kafin naƙuda ta zo?