Hanyar Minti Ashirin da Takwas

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ta ɓoye mana. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana ya tashi daga murar da ta kwantar da shi, shagon ɗinki kuma yana tafiya, sai dai keken ya fara kukan tsufa. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don na san halinka a waya. Kafin in kai ƙarshen magana ka sa ni dariya, in manta da fushin da na zo da shi. Wannan karon ba na so in manta.

Maganar Auta ce, kuma da hannunka a ciki dumu-dumu. Tun da ka aiko masa da jadawalin nan na mako goma sha biyu da ɗan sikelin auna abinci, kicin ɗin Baba ya koma kamar ɗakin ba da magani. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya karɓe shi. Damtsensa ya cika, tumbin da zaman ofis ya fara ajiye masa ya tafi, har riguna biyu na buɗe masa a kafaɗa. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu, wai shinkafa da taliya da dankali da burodi, duk abin da ke da sitaci, ba laifinsu ba ne, lokacinsu ake dubawa. A ci kaɗan awa biyu kafin ɗaga ƙarfe don jiki ya sami abin ƙonawa, a ci da yawa bayan an gama don tsoka ta mayar da abin da ta kashe, sauran yini kuma ƙwai da kifi da ganye. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ayaba guda ma sai ya ɓare ta kafin ya ɗora a sikeli, wai kada nauyin ɓawo ya cuce shi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ɓata komai layi ɗaya ne da ka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasan takardar, cewa lallai a ci babban abincin cikin minti talatin da ajiye ƙarfe. Auta yana tashi aiki huɗu da rabi, ya wuce gidan motsa jiki, ya gama shida da rabi. Daga can zuwa gida a bas minti arba'in ne. Saboda minti goman nan, Yaya, ƙanenka yake zama a benci a ɗakin canza kaya, tsakanin takalman mutane masu warin gumi, ya cinye shinkafarsa mai sanyi a roba. Ya iso gida a ƙoshe, ya gai da Baba daga bakin ƙofa, ya shige wanka.

Kai ba ka nan lokacin da Inna ta rasu, ka zo ka yi kwana goma ka koma. Ni na ga yadda Baba ya yi wata biyu yana juya cokali a faranti. Auta ne ya dawo da shi cin abinci. Yakan jawo kujera ya sa hannu a farantinsa, ya sace masa nama, Baba ya doke hannun ya kira shi ɓarawon gida, a haka har farantin ya ƙare. Shekara uku ke nan haka suke cin abincin yamma. Yanzu ina gama girki in zuba, in zauna a gabansa in yi ta janyo hira, ya yi loma uku ya ce ya ƙoshi. Ni ba na satar nama, kuma ko na gwada ba ya yi masa daɗi. Ran Talata, a kan keke ɗaya, da safe na buɗe wa Auta riga, da rana na rage wa Baba wando inci biyu. Na zauna da tef a wuya ina kuka kamar wata sakarya.

Kada ka ce ban yi wa Auta magana ba. Na yi da lallami, na yi da faɗa. Ya ce tsufa ne, tsofaffi cinsu yana raguwa, kuma da safe ai yana shan shayi tare da shi. Na ce ya matsar da motsa jikin zuwa safe, ya ce ba ya da ƙarfi da safe. Na ce ya ci rabi a can ya kawo rabi gida, ya dube ni kamar na ce ya raba allura biyu. Ƙarshenta ya ce takardar Yaya ce, kuma Yaya ya fi mu sani. Da haushi ya ishe ni na rufe shago na tafi har gidan motsa jikin, na sami mai koya musu, wani dattijo mai furfura da wuya kamar na bijimi. Ya yi dariya ya ce ga wanda ya ci abinci kafin ya fara, ko ya kai awa ɗaya ko biyu bai ci ba, tsokarsa ba za ta gudu ba, abin da ya ci a yinin gaba ɗaya shi ne babba. Ya ce ya sha faɗa wa Auta haka. Amma maganar mutumin da ya yi shekara ashirin a cikin ƙarafa ba ta kai layinka ɗaya ba.

Ban san Baba yana jin gardamarmu da Auta ba. Makon jiya kwana uku a jere ya fita da yamma da sandarsa, ya ce mini zai miƙe ƙafa. Rana ta huɗu ya zo shago, ya jira mai kawo ɗinki ta fita, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ka san mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas, babu lungun da bai sani ba. Ya zana hanya da biro. Wai Auta ya daina hawa bas lamba tara mai zagayawa ta kasuwa, ya fita ta ƙofar bayan gidan motsa jikin ya hau lamba goma sha huɗu, ya sauka a gidan mai, ya ratsa ta bayan makaranta da ƙafa. A gefe ya rubuta talatin da huɗu, talatin da biyu, talatin da ɗaya. Da kansa ya bi hanyar sau uku da agogo a hannu, da gwiwar nan tasa. A ƙasa ya rubuta ashirin da takwas ya ja layi, ya ce ƙafar matashi za ta rage minti uku. Ya ce in ba Auta in ce ni na gano, kada yaron ya ji kamar ana takura masa.

Na ba Auta kamar yadda aka ce. Ya duba, ya yaba mini, ya ce amma idan aka sami cunkoso fa, ko bas ya makara? Ya ce saura mako biyar jadawalin ya ƙare, daga nan za a duba. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin sikeli. Na yi wa Baba alkawari ba zan faɗa masa wanda ya zana ba, amma kai ban yi alkawari a kanka ba, kuma ko makaho ya san rubutun Baba, ƙanenka ne kawai idonsa ke kan sikeli.

Abin da nake roƙonka ba shi da yawa. Ban ce ya daina ɗaga ƙarfe ba, ina son ganinsa da lafiyarsa, kuma shinkafar ni zan auna masa da hannuna, ko ƙwaya ɗaya ba zan ƙara ba. Ka kira shi ka goge layin nan da bakinka, tunda kai ka rubuta. Ka ce masa ya ɗaga ƙarfensa, ya hau bas ɗinsa, ya zo gida ya ci da ubansa. Kada ka bari sai ƙarshen mako, kuma kada ka mai da abin wasa yadda ka saba.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce rigarta tana nan na kusa gamawa. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Maigidana da Gwaggo da Kawu Dogo duk suna gaishe ka. Baba ya ga ina rubutu, ya ce in gaya maka yana nan lafiya lau, yana cin abinci sosai, kada ka damu. To na gaya maka, tunda ya ce in faɗa. Ɗayan wandon nasa yana nan kan keke, ina ajiye biron nan shi zan rage.

Taka ƙanwa,
Mai ɗinki